Kafin Ku Zaɓi Launin Labule

Ƙannena maza da mata masu koyon tsara cikin gida da ƙawata shi, ko kuna ajin zane a jami'a, ko a kwalejin kimiyya da fasaha, ko kuna bin wata gwana kuna taya ta jeren amare, na lura akwai tambayar da ke hana ku barci fiye da jarrabawa: yaushe zan samu salon kaina? Kowa so yake a shiga falo a ce, wannan ai hannun wance ne, tun kafin a faɗa. Buri ne mai kyau, ban ga laifinsa ba. Inda nake da magana shi ne wurin da yawancinku ke zuwa neman salon.

A karɓi wayar kowane ɗalibi a cikinku, za a tarar da hotuna jibge daga Pinterest da Instagram. Farin falo fes, fararen kujeru, tagar gilashi daga ƙasa har sama. Ko kuma ɗaya ɓangaren, falon Dubai da Turkiyya, ruwan zinare ko'ina, ga fitila tana reto tana neman taɓa hular baƙo. Ba na hana kallo. Babu magini ko maɗinkin da bai fara da kwaikwayo ba, kuma ido ba ya gogewa sai da gani. Sai dai hoto yana nuna abin da aka yi ne kawai, ba ya faɗin dalilin da ya sa aka yi shi. Farin ɗakin nan da kuke sha'awa, asalinsa ƙasashen arewacin Turai ne. A babban birnin Suwidin, rana ba ta wuce kamar awa 6 a sama a watan Disamba. Mutanen can yunwar haske suke yi, shi ya sa suke shafa farin fenti, suke buɗe taga iya buɗewa. Mu kuwa a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, zafin watan Afrilu yana haura digiri 40. Ka saka wa mutum bangon gilashi yana kallon yamma, ka hana shi zaman ɗakinsa daga la'asar har bayan isha. Farar kujera kuma, mako guda na hunturu ya ishe ta. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ba ku ne ɗaliban farko da suka shiga wannan tsaka mai wuya ba. A shekarar 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta tsiro daga cikinta a 1962, suka kafa ƙungiyarsu. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Akasarin malamansu Turawan Ingila ne, manhajar ma irin ta can ce. Samarin nan ba su ƙi karatu ba, ba su jefar da abin da aka koya musu na awo da launi da sarrafa kayan aiki ba. Abin da suka ƙi shi ne a ce ido da tunaninsu ma sai na aro. Kowa ya waiwayi gidansu. Okeke ya koma wa uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya nazarce shi har ya zama harshen alƙalaminsa. Nwoko kuwa ya gangaro wajen gini da kayan ciki, yana zana gida ya zana ƙofarsa da kujerunsa, yana haɗa jar ƙasa da siminti kaɗan, yana neman yadda iska da haske za su ratsa gini ba tare da na'ura ba. Cocin 'yan Dominikan da ke Ibadan aikinsa ne. A 2023, bayan ya haura shekara 80, aka ba shi lambar yabo ta Zakin Zinare a babban bajekolin gine-gine na birnin Venis a Italiya, saboda aikin rayuwarsa. Ku lura, ba wanda ya zauna a cikinsu ya ce bari in ƙirƙiro salo. Tambaya suka riƙe, suka yi ta bin ta shekara da shekaru.

To ku ina naku gidan? Yana nan, kuma ya fi yadda kuke zato. Duk ɗalibin da ke karatu a Samaru bai taɓa shiga birnin Zariya ya ɗaga kai ya kalli bakan gizon tsohon Masallacin Juma'a ba, ya cuci kansa. Babban Gwani Mika'ilu ne ya gina shi a shekarun 1830, da tubali da azara. Tazarar da azara ɗaya ke iya ɗaukar nauyin rufi a kanta gajeruwa ce, don haka magina suka koyi ɗora ta hawa-hawa suna ɗaurewa suna lulluɓewa da ƙasa, har ta lanƙwasa ta haɗe a sama. Wato kyan da ke kama ido a wurin, matsala ce ta haife shi. Haka in kun shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko tsofaffin gidajen Birni a Damagaram. Ku taɓa kaurin bango, ku duba ƙanƙantar taga da tsayin da aka ɗora ta, ku ji sanyin da ke cikin soro da tsakar rana. Ku dubi alkukin da aka fafe a bango don fitila, da dakalin da ya zama kujera ba tare da kafinta ba. Makuba daga kwasfar ɗorawa take, katsi daga karofin marina. Babu abin da aka yi oda daga wata ƙasa.

Amma makarantar da ta fi kusa da ku, wadda kuma kuka fi rainawa, ita ce ɗakin kakarku. Jere ilimi ne, ko da ba a ba da takardar shaida a kansa. Na da can sun jera ƙore da akusa da faya-fayi. Na bayansu suka zo da tasoshi da langa da samira da fanteka, a ɗora su tun daga ƙasa har kusa da rufi, babba a ƙasa, ƙarami a sama, launi yana amsa launi, hagu tana amsa dama. Sai kuma zamanin kabet mai gilashi da tangaran. Abin da malaminku zai rubuta a allo game da maimaici da daidaito da jan ido zuwa sama, matan nan sun yi shi da hannu tun kafin a haifi malamin. Kuma jeren ba ado ne zalla ba. Ma'aji ne, sannan dukiyar mace ce ta kanta, wadda in rana ta ɓaci za ta iya cire saiti guda ta sayar ta rufa wa kanta asiri. Abu ɗaya yana aiki uku. Mai ƙawata ɗakin da ya iya haka a yau, ya gama.

Kar ku fahimce ni a baibai. Ban ce ku je ku manna dagi a kowane bango ba, ko ku rataya ƙwarya da faifai a falo ku ce kun koma gida. Wannan ma kwaikwayo ne, gidan da aka kwaikwayo kawai aka sauya, kuma a gaskiya na fara gajiya da ganin dagin roba a wuraren cin abinci. Ba wanda ke son ya kwana a gidan tarihi. Abin ɗauka shi ne tunanin, ba fatar ba. Ku dubi abin da Mariam Issoufou Kamara ta yi a Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar. Ita da ma kwamfuta ta fara karantawa har ta yi aiki da ita, daga baya ta koma ta karanci zanen gine-gine a Amurka. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan yankin. An kammala a 2018. Wanda ya ga hoton cikinsa ba zai ce tsohon yayi ba ne, ba kuma zai ce daga Turai aka ɗauko shi ba.

Yanzu bari mu sauko ƙasa, domin a nan ake rabuwa tsakanin mai tara hotuna da mai sana'a. A ce yayarki za ta yi aure, an ce tunda ke kike karatun, ke za ki tsara mata ɗaki. Ɗakin sha biyu sha biyu ne, irin na gidajen haya, wato kamar mita 3.6 kowane gefe. An riga an yi wa kafinta maganar gado shida da shida. Katifar kaɗai ta kai mita 1.8, in aka haɗa da katako da allon kai, gadon zai ci wajen mita 2 a faɗi, ya ɗan ɗara haka a tsawo. Kika sa shi a tsakiyar bango yadda yake a hoto, saura santimita 80 a kowane gefe. Zurfin sif santimita 60 ne. In kin ajiye ta a gefen gado, abin da ya rage tsakaninsu bai fi tafin hannu biyu ba, ƙofarta ba za ta buɗu ba. In kin kai ta ƙafar gado, za ki samu wajen santimita 90, daidai wucewar mutum, to amma ina ƙofar shigowa take, kuma ta wane gefe take buɗewa? Ina taga? Ba mu zo kan madubi da kujerarsa ba. Ba mu zo kan akwatunan lefe ba, waɗanda ba za ki taɓa gani a hoton Pinterest ba amma dole su kwana a ɗakin. Sannan ina za ta shimfiɗa sallaya ta fuskanci alƙibla, ba a bakin ƙofa ba, ba kuma ta buga goshi a gado ba?

Kin ga tun ba ki taɓa maganar launi ba, aikin ya kusa ƙarewa. Wataƙila ki tura gadon lungu. Wataƙila ki lallaɓi Umma a rage shi zuwa huɗu da rabi, kuma ki shirya jin cewa a danginmu ba a taɓa kai yarinya da ƙaramin gado ba. Wataƙila ki ce wa kafinta ya yi sif mai ƙofar turawa gefe, ya kai ta har silin don akwatuna su hau sama. Kowace shawara a nan taki ce, kuma daga irin waɗannan shawarwari salonki zai fito. Abu ɗaya kuma kar ya wuce ki: ki auna ƙofar gida da lungun da za a bi da kaya kafin a biya kuɗin kujeru. An sha cire taga ranar jere saboda kujera mai zaman mutum uku ta ƙi shiga, gwaggwanni suna tsaye suna kallo.

Falo ma haka. Falonmu ba na mutum huɗu da kofin shayi ba ne. Ranar suna ko zaman gaisuwa, mata ne za su cika shi maƙil, mafi yawansu a kan kafet, da yara da kwanukan abinci. Dattijo zai sauko daga kushin ya miƙe ƙafa don a nan ya fi jin daɗi. Katon teburin gilashi a tsakiya, a irin wannan gida, rauni ne ke jiran yaro. Ku tambayi kanku ko kayan da kuka zaɓa mace biyu za su iya ja gefe cikin minti biyar. Ku tsaya a bakin ƙofa ku ga abin da idon baƙo namiji zai fara sauka a kai, in har yana hango cikin ɗakin matar gida ko kicin, kun bar aiki. Ku tanadi wurin takalma. Ku tanadi wurin kaskon turaren wuta, nesa da labule, kuma ku sani hayaƙinsa a hankali yake dusashe farin silin.

Launi kuwa, kada ku yarda da katin mai shago, balle fuskar waya. Ku sayi ƙaramin gwangwani, ku shafa faɗin mita guda a bangon da za a yi wa aikin, ku bari ya bushe. Ku kalle shi da hantsi, ku kalle shi da la'asar, ku kalle shi da dare a ƙarƙashin ƙwan da za a yi amfani da shi, har ma da fitilar caji, tunda ita ce ke riƙe dare a gidaje da yawa. A jikin kwalin ƙwan lantarki akwai lamba. Mai 2700 zuwa 3000 haskensa ja-ja ne mai taushi, mai 6500 fari ne tas har yana ɗaukar shuɗi-shuɗi. Fentin ruwan madara da ya yi kyau a ƙarƙashin na farko, sai ya koma kamar bangon asibiti a ƙarƙashin na biyu. In bango yana tsotson danshi daga ƙasa da damina, kar ku rufe shi da takardar ado, za ta ɓare kafin kaka, sunanku ne kuma zai ɓare tare da ita. A gyara inda ruwan ke shigowa tukuna. Silin POP yana da kyau, amma in ɗakin gajere ne, kowane hawa da kuka ƙara yana sauko da fanka kusa da kan mutane.

Sai maganar masu aikin hannu, kuma a nan ɗalibai da yawa ke faɗuwa. Ka zo da zanen SketchUp mai sheƙi, ka miƙa wa kafintan da ya haife ka kana magana sama-sama. Zai ce to, ranka ya daɗe, ya je ya yi abin da ya saba. Ka gaishe shi yadda ake gaida babba, ka zauna a bencinsa, ka ba shi zane mai awo a rubuce, tsawo da faɗi da kauri, ba hoto kaɗai ba. In ya ce wannan ba zai tsaya ba, tambaye shi dalili. Shi zai nuna maka yadda ɗanyen katako ke karkacewa in hunturu ya busa, da yadda allon garin katako ke kumbura in ruwan mofa ya taɓa ƙafarsa, da itacen da gara ke ci da wanda take gudu. Wani lokaci kuma yana faɗin ba zai yiwu ba ne don bai taɓa yi ba, sai ka san inda za ka dage cikin ladabi. Ku yi yawon kasuwa ko ba ku da kuɗin saye. Ku shiga Kantin Kwari ku murza yadin labule ku ɗaga shi a rana, ku shiga Kurmi ku ga aikin dukawa da masaƙa, ku je Panteka a Kaduna ku ga abin da mai walda ke iya lanƙwasawa. A marinar Ƙofar Mata za ku samu shuɗin da babu kamfanin da zai ba ku irinsa, amma ku sani sabon rinin baba yana zuba. Wanda ya yi rigar kushin da shi bai wanke sosai ba, zai sallami Alhaji da shuɗin baya a farar shadda.

Kuɗi kuma a yi shi a fili. Ku rubuta farashin kaya daban, ladan aikinku daban, a sa hannu kafin a fara, ko da aikin na ƙanwar mahaifiya ne, musamman ma in nata ne. Ɗabi'ar cusa riba a ɓoye cikin kuɗin labule da fenti tana kawo kuɗi yau, amma ranar da Hajiya ta aika a tambayo farashi, an gama da ku a wannan dangi da duk ƙawayenta. Ku ajiye rasit.

Na san abin da wasunku za su ce: duk wannan na ji, amma in mai gida ta dage sai ruwan zinare da manyan kujerun sarauta fa, alhali ni raina bai so? To ba kai za ka kwana a ɗakin ba. Wanda ya tilasta wa mutane son ransa a gidansu, ba salo gare shi ba, taurin kai ne. Aikinka ka gano abin da take nema a ƙarƙashin zinaren. Sau da yawa, in ɗakin 'yarta amarya ne, so take dangin miji su shigo su san 'yarta ba daga bola aka tsinto ta ba, kuma wannan buƙata ce ta gaske a wurinmu, ba abin dariya ba. Ka ba ta zinarenta a wuri ɗaya ko biyu inda zai yi magana, a jikin madubi ko bakin labule, ka kwantar da sauran ɗakin don ya fito. Ka kawo mata zaɓi biyu, kowanne ka yarda da shi, ta ɗauki ɗaya. In kuma abin da ake so zai cuci mutane, kamar toshe tagar da iska ke shigowa don a samu bangon talabijin, ka faɗa sau ɗaya a fili, da dalili.

Salon kai yana zuwa ne ta bayan gida, ba ka ganin shigowarsa. Mata biyu za su yi miyar kuka da kayan haɗi iri ɗaya, yaran gida su ɗanɗana su ce wannan hannun Inna ne, alhali Inna ba ta taɓa zama ta tsara yadda hannunta zai bambanta ba. Abin da zai taimake ku ku gane naku shi ne littafi. Ku riƙe ƙaramin littafin zane, duk ɗakin da kuka shiga kuka ji daɗin zama, ku zana shi da hannu, ku rubuta abin da ya jawo daɗin: tsayin rufi ne, ko inda haske ke faɗowa, ko ƙarancin kaya? Wanda kuka ji ƙunci a cikinsa ma ku rubuta. Ɗakinku na makaranta, da katifarsa a ƙasa da bokiti da risho, ya isa wurin gwaji, ku juya shi duk zangon karatu ku ga wane tsari ne ya fi ba ku sarari. Bayan shekara biyu ko uku ku buɗe littafin daga farko. Za ku ga wasu abubuwa suna ta dawowa ba da saninku ba, wata tana son kujera gajera kusa da ƙasa, wani ba ya iya barin bango ba alkuki, wata kullum sai ta nemi launin jar ƙasa. Waɗannan su ne naku, sai ku kama su ku ƙara musu ilimi.

Hutun da ke tafe, ku nemi izinin Inna ko Gwaggo ku auna ɗakinta bango da bango, ku zana shi a takarda da duk abin da ke ciki, har randa da buta. Sannan ku zauna ku tambaye ta me ya sa gadon yake inda yake, me ya sa ba ta buɗe waccan tagar da yamma, wane kaya ne ta fi daɗewa da shi. Ku rubuta amsoshinta yadda ta faɗe su, kuma kada ku matsar mata da ko kujera ɗaya sai ta ce ku matsar.